Allon Albashi na Malam Idrisu

Malam Idrisu, sakataren ƙungiyar ma'aikata a wata masaƙa da ke Bompai, mutum ne mai dabara, irin dabarar nan ta masu furfura wadda mai ita kan fara yaba wa kansa. A shekarar da tsada ta sa sabulu ya zama abin ɓoyo, ya samo faffaɗan katako ya zana unguwannin masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai, ya kafa wa kowane kamfani doguwar ƙusa. Kowane marfin kwalba da aka huda aka zura yana matsayin naira goma ta albashi. Na masaƙarsu shi ya zura da hannunsa, gaskiya tsagwaronta. Sannan ya ajiye allon a teburin Shu'aibu mai shayi a Dakata, kowane lebura ya zura na kamfaninsa, wanda ya ga kuskure ya gyara.

So yake manaja ya gani da idonsa cewa su ne kurar baya. Ya kuma riga ya yi wa mutanensa alkawari: ko a yi ƙari, ko ya sauka daga kujera.

Ranar zama da manaja, ma'aikatan masaƙar suka kashe injuna suka yi dafifi a bakin get. Shu'aibu ya iso da allon lulluɓe da buhu. Sai a ƙofar ofis Idrisu ya yaye. Ƙusar masaƙarsu ta cika taf. Sauran kuwa kamar gonar da fari suka sauka.

"Shu'aibu, wa ya kwashe mini marafan?"

"Ba wanda ya kwashe, Malam. Muntari na majemar Challawa ya cika tasa, sai ga surukinsa ya zo shan shayi. Nan take ya zare rabi, kada surukin ya san abin da yake samu."

"Sauran fa?"

"Haba, Malam! A gaban 'yan garinsu masu jiran a yi albashi? Kai ka taɓa gaya wa uwargida naka?"

Idrisu ya kai hannu zai ƙara wa Sharada ko da marfi biyu, sai ƙofa ta buɗe.

Manaja ya tsaya yana kallon allon. Ya sa yatsa ya bi ƙusar masaƙarsu tun daga gindi har sama, ya taɓa ta Challawa, marafan suka yi ƙarar gwangwanin da babu komai.

"Sakatare, ashe mu ne a kan gaba? Wallahi ban sani ba. Wannan aiki ne na ilimi. A kafa mini shi a bangon ofis."

"Batun ƙarin fa, ranka ya daɗe?"

"In 'yan Sharada sun kamo mu, ka dawo mu yi magana."

Daga ofis zuwa get ba nisa, amma Idrisu ya ja tafiyar iya yinsa. Da suka hango shi hannu biyu babu allo, sai suka ɗauka manaja ya sha kaye. Wani daga baya ya kware murya:

"Sakatare, ba mu albishir!"