Takabar Inna Taibatu

Maza ba su ma dawo daga maƙabarta ba, Hajiya Nagode ta fara naɗe tabarmar Inna Taibatu.

"Tashi ki koma Faru wurin danginki. Takabar mi za ki yi? Shekara talatin kowa da ɗakinai, wanga aure ne?"

Hajiya ƙanwar mamacin ce, Baba Jibo maƙwabcinmu, mijin Inna. Sau ɗaya ta je Makka, amma ko gaisuwar mutuwa take amsawa sai ta karkata baki an ga haƙorin.

Katangarmu gajera ce, na san gidan nan. Duk ranar Talata Baba Jibo zai dawo kasuwa da rake, ya fere, ya yanka wa Inna gaɓa-gaɓa. In ta tafi biki kwana biyu, tuwo ba ya ciyuwa gare shi. Kayan matan da dangi suka yi ta aiko mata kuwa, godiya take yi ta zuba wa kaji. Kajin dai ba su taɓa ƙorafi ba.

Na taɓa tambayar ta ko ba ta son shi ne.

"Ke ɗiyar nan," ta ce, "har yau in na ji ƙararrawar kekenai gabana faɗuwa yake. So daban, sha'awa daban. Allah ya ba mu na farko ya cika, na biyun bai sa muna ba, ni da shi. Tun satin farko muka gaya wa juna gaskiya."

Ni aji huɗu na tsaya, sauran a rediyo na ƙarasa, amma na san maganar Hajiya ba daidai ba ce. Da maza suka dawo daga maƙabarta na ja mayafi na kira liman, Malam Nasidi. Daga zaure ya tsaya.

"Hajiya, an ɗaura masu aure?"

"An ɗaura, amma Malam..."

"Ya sake ta?"

"Bai sake ta ba."

"To matarsa ce. Wata huɗu da kwana goma, a gidan mijinta. Takabar mutuwa ba ta tambayar shimfiɗa. Ke ma da kin bari."

Ranar ce na fara ganin bakin Hajiya a rufe. Da hannunta ta mayar da tabarmar.

Da Talata ta zagayo na kai wa Inna rake. Ta ɗauko wuƙar Baba Jibo, ta zauna a ƙofar ɗakinsa, kusa da keken. Ta juya raken, ta sake juyawa, tana murmushi. Ashe ba ta san ta inda ake fara ferewa ba.