Ɗan Notin Cikin Rikoda

Tun da ya yi ritaya, Maigida ya mai da teburin cin abinci wurin aikinsa. Wayoyi ne, dalma ce, ga tsohuwar rikoda da amfilifayar da ya haɗa cikin gwangwanin biskit.

Saura ɗan noti guda a cikin rikodar, mai daidaita siririyar wutar da ke cuɗanya da sauti kafin ya hau kaset. In ta yi kaɗan murya ta fashe, in ta yi yawa ta dushe.

"Maman yara, zo ki yi magana a makirfo. Abu ɗaya za ki yi ta maimaitawa."

"Abinci ya huce," ta ce.

Ya saurara, kamar ana yaga takarda. Ya murɗa notin. "Sake."

"Abinci ya huce."

Yanzu kuma kamar daga ƙarƙashin bargo. Haka suka yi ta yi, har ta gaji ta koma kicin.

Can ya dace. Muryarta ta fito tas daga sifika, har da ajiyar zuciyar da ta biyo baya. Ya mayar da kaset ɗin, ya sake saurara. Kullum sai ta faɗa masa haka, amma yau ya fara ji.

Ya ture wayoyin gefe, ya je ya ɗauko faranti biyu.