Tseren Motar Lantarki da Firjin Barira

Daren jiya wani mafarki na yi, amma gara in fara faɗin halina, don shi ya kai ni can. Ni ban iya cewa a'a ba. Ba kirki ba ne, kada a yi mini shaidar da ban cancanta ba. Kalmar ce idan ta taso, tana isowa maƙogwaro sai ta rikiɗe ta fito a "to, babu komai". Tun da na sa 'yar sola a gida, wayoyin unguwarmu a falona suke kwana, fankar matata Barira kuwa ba ta taɓa ganin asuba tana juyawa ba. Jiya da yamma na ji a rediyo wai wata mai zuwa za a buɗe sabuwar kakar tseren motocin lantarki ta duniya. Na ci tuwo, na kwanta da wannan a kaina.

Sai ga ni a wani ofis. Akuya ce a kan kujera, sanye da tabarau, tana tauna gefen labule. Ta taga ina hango ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, mutane sun juya lemarsu suna kare ƙafafu.

"Malam Sallau," in ji akuyar, "ka iya tuƙi?"

Ban iya ba. Ko keke sai an riƙe mini.

"To... ana taɓawa, ranki ya daɗe."

"Madalla. Kai ne direbanmu na bana."

"Na ji an ce sai wata mai zuwa za a fara kakar."

"Shi ya sa za mu gama ta yau. In ta zo sai ta tarar an huta."

Na ga maganar tana da ma'ana.

Sai ga ni cikin motar tsere. Siririya ce kamar kwalekwale a kan tayoyi, mazaunin mutum ɗaya, kuma a kishingiɗe ake tuƙa ta, abin da ya dace da shekaruna. A gaban sitiyari an kafa kyandir yana ci. Akuyar ta nuna shi da ƙofato ta ce shi ne batirina, in ya ƙare mota ta tsaya. Ta kifa mini hular kwano. A cikin hular na ji ana gyaran murya.

"Baban Nafisa, kana ji na?"

"Barira? Me kike yi a cikin hulata?"

"Ni ce injiniyarka. Ka saurara da kyau. Firjina yana can ƙarshen hanya, naman girkin sunan jikarka na ciki, kuma ya fara gumi. Gobe ne sunan, surukai sun taso daga Gumel. Abin da ya rage na kyandir ɗin nan da shi za mu kunna firjin. Ba na son kofi, ba na son na ɗaya. Ka iso da wuta kawai."

Akuyar ta leƙo. "Naman me?"

"Na saniya ne," na ce.

"To, ba ruwan ofis."

Aka daka taɓarya a turmi, tsere ya fara. Ba ƙara ko kaɗan, kana jin numfashin direban da ke kusa da kai. Saboda haka aka kafa doka: duk wanda zai wuce wani sai ya yi sallama, kuma sai an amsa masa. Wani dogon direba da ke gaba ya gane dabara, ya yi kamar ba ya ji, direbobin duniya suka jeru a bayansa ana ta salamu alaikum ba amsa. Da na iso sai na gaishe shi yadda aka koya mana. Na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi yara, na koma kan gajiya. Ina shirin tambayar mai jiki ya amsa don ya rabu da ni. Na wuce. Ni ne a gaba.

"Ashe surutun naka yana da rana," in ji Barira.

A wannan gasa motoci ba sa zuwa ƙasashe, ƙasashen ne ke zuwa. Kowane zagaye sai awaki su naɗe gari kamar tabarma su shimfiɗa wani. Aka shimfiɗa mai ƙanƙara, muka wuce. Aka shimfiɗa wani mai teku a tsaye jingine da bango, kifaye suna kallonmu ta gefe. Kyandir bai ci ko rabi ba. Har na fara tunanin wace riga zan sa a ɗauke ni hoto.

Sai aka shimfiɗa unguwarmu.

A kwanar mai shayi maƙwabcina Malam Jatau yana tsaye. Motar tana gudun da ke sa leɓe rawa, amma Jatau ya jero da ni yana tafiyarsa ta bayan la'asar, hannu ɗaya a baya.

"Malam Sallau, barka da tsere."

"Barka kadai, Malam Jatau."

"Ya gudun?"

"Da godiya."

"Wayar ce ta mutu, kuma ina jiran kira daga ƙauye. Ɗan ɗigo kawai."

"Kada ka soma!" in ji hulata.

"To, babu komai," in ji bakina.

Jatau ya laluba gefen motar, ya sami rami, ya jona. Ashe motar duk ramuka ce. Kafin mu kai bakin masallaci ladan ya kawo lasifika, ya ce ko kiran salla ɗaya ta samu. Wanzami ya jona injin aski, da mutum a zaune an aske masa rabin kai, aka jera da kujerar. Matar mai unguwa ta aiko da dutsen guga da gaisuwa. Wani da ban taɓa gani ba ya ce shi abokin ƙanin Jatau ne, ya jona wayoyi cike da hula. Kowa ya gaishe ni, kowa ya yi mini addu'ar nasara. Na waiga na ga igiyoyin caji suna jan ƙasa a bayana, unguwa guda tana biye, har da masu tallar gyaɗa.

Dogon direban nan ya zo ya yi sallama. Mutanen unguwa suka amsa masa baki ɗaya. Ya wuce. Sauran ma suka wuce.

Kyandir ya koma kamar ɗan yatsan jariri.

"Baban Nafisa," in ji Barira, a hankali wannan karon, abin da ya fi ba ni tsoro. "Ruwa ya fara bin ƙasan firjin. Uwar mijin Nafisa ka san hancinta. In naman nan ya yi wari, 'yarka ce za ta zauna da gorin, ba Jatau ba. Wanda duk ya sake miƙo maka abu, ko wane ne, ka runtse ido ka ce a'a. Kada ka kalli fuska, fuskar ce ke kashe ka."

Daga nan hular ta yi shiru.

Na fara gwaji. Na ce wa sitiyari a'a, ya fito a "sai dai a yi haƙuri". Na ce wa madubi, ya fito a "bari mu gani". Na tuna Nafisa, na tattaro kalmar tun daga cibiya, na riƙe ta a bayan haƙora. Ƙarshen hanya ya bayyana can gaba, motar kuwa ta koma tafiyar mai ciwon ƙafa.

Wani hannu ya taɓa kafaɗata, igiyar wuta ta gogi kunnena. Na runtse ido.

"A'A!"

Ruwan da ke tafiya sama ya tsaya, ya yi tunani, ya fara saukowa. Awaki suka daina tauna. Gaskiya na ji daɗi, ƙirjina ya buɗe kamar na sauke buhun siminti. Na buɗe ido don in ga wanda ya sha kashi.

Barira ce. Ta goyo firjin a baya da zani, tana haki, filogi a hannunta. Ta ga ba zan kai ba shi ya sa ta taro ni a hanya.

"Duk garin nan," ta ce, "a kaina za ka fara?"

Na buɗe baki in gyara. Kyandir ya yi ɗan tari ya mutu.

Jatau ya zare wayarsa ya duba. "Ta cika. Allah ya saka da alheri."

Akuyar ta iso ta fara ƙwanƙwasa hular kwanona da ƙofato, wai ofis na son kayansa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ƙofar gida ake bugawa. Gari ya waye, fanka a tsaye, Barira na zaune a bakin gado tana fifita da murfin kwano.

"Da wa kake faɗa cikin barci? A'a na ji ka ce. Har na duba ko wani ne ya shigo."

Na zura silifa na nufi zaure, kalmar tana nan da ɗuminta a bakina. Na buɗe ƙofa. Jatau ne, hannu ɗaya a baya.

"Malam Sallau, an tashi lafiya?"

"Kawo," na ce.

Firjin Barira kuwa tun bara ya lalace. Tukwane take ajiyewa a ciki.