Hoton Zuciyar Yasmin

"Ba zan faɗa masu haka ba, Dada."

Mahaifiyarta ta dire faifan da ke hannunta. "Rahma, umarni nake ba ki. Ranar Asabar dangin Bishir za su zo daga Kusada. Ke ce ma'aikaciyar jinya, maganarki za su ɗauka. Ki ce masu hoto ya nuna ƙanwarki lafiyarta lau."

Rahma ce ta kai ƙanwar tata Yasmin Kano, bayan likitan Kankiya ya ji wani huci a ƙirjinta, hoton farko kuma bai gamsar da shi ba. Kusan awa guda yarinyar ta yi kwance cikin na'urar MRI, ana ce mata ta riƙe numfashi, ta saki. Abin ya fito ƙarara: ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ba ta rufuwa, kusan rabin jinin da ta tura baya yake komawa. Likita ya ce sai an yi aiki tukuna, ciki kafin nan zai iya kashe ta.

Yasmin ta fito daga ɗaki tana haki, amma bakin nan bai mutu ba. "Ƙyale ta, Dada. Wurin wa Bishir ya fara zuwa zance? Yaya, tun da ya dawo wurina kin ƙara yi mani dariya?"

Ba ƙage ta yi wa Rahma ba. Har yau in ta ji mashin ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida, kishi ke taso mata. Ranar da ta karanta sakamakon ma, sai da wani ɗan daɗi ya ratsa ta kafin tsoro ya zo, ta kuwa tsani kanta a kan haka. Amma kishinta bai shiga na'urar ba, ba shi ya auna jinin ba.

Ranar Asabar gwaggon Bishir ta tambaye ta, ta dube ta ido cikin ido ta faɗi abin da ta gani. Aka ɗaga biki. Kafin damina ta faɗi, Bishir ya nemi wata a Mawashi.

An yi aikin, Rahma ta yi jinya, kwana goma sha tara tana zube a gindin gado. Yasmin ta miƙe, har ruwa take ja a rijiya ba haki.

Shekara biyu ke nan ba ta gaishe da Rahma ba. Dada ta daina cin girkinta. A unguwa kuwa, sunanta wadda ta kashe auren ƙanwarta.