Inda Kar Ke Kwana

Da labari ya iso cewa an fara rushe tsofaffin gidajen ma'aikata na bayan tasha, Inna Hamsatu ta ture kwanon tuwo ta kira ɗanta.

"Nasiru, tahi ka ɗebo mini ƙasar bayan ɗakinmu na da. Nan na bizne mabiyiyar Zalihatu."

Zalihatu yayarsa ce. Aure ya kai ta Agadas, can ta rasu, Inna kuwa ba ta taɓa ganin kabarinta ba. Abin da ya rage nata a Dogon Dutsi shi ne mabiyiyar da aka wanke aka binne ranar haihuwarta.

"Inna, ƙasa ai ƙasa ce."

"To ɗebo ta tsakar gidan nan, ka ga in ban gane ba."

Ya hau babur ɗinsa na kabu-kabu ya tafi.

Gidajen nan hukuma ta gina su, jere, fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya. Amma tun yana yaro bai taɓa ƙirga ƙofa ba. Babansa Abdussalamu shi ke tuƙa kar ta gari, wata tsohuwar bas mai kai mutane Tibiri ta dawo, kuma kullum a ƙofarsu take kwana. Baƙo in ya tambaya, sai a ce masa, gidan da kar ke kwana. Da la'asar, tun daga nesa za a ji tarinta, yaran unguwa su ruga su ɗare baya. Cikinta warin albasa da na awaki. In suna wasa a ciki, Zalihatu ce ke zama direba, shi kuma sai ta sa shi ya yi ƙarar inji da baki har maƙogwaronsa ya bushe. Da Baba ya rasu aka ja kar aka tafi da ita, su ma suka tashi.

Yanzu an kwashe kwanon rufi, an ciccire ƙofofi. Katafila tana can ƙarshen layi tana cin bango. Nasiru ya bi layin sama da ƙasa, kowane gida ya ce masa ni ne.

Tsoho Sama'ila, wanda ya yi wa Baba lodin kaya a da, yana tsintar katako a gefe.

"Ɗan direba! Kai da ka tsere ma makarantar lakwal, yau gidanku ya tsere maka?"

"Baba Sama'ila, don Allah wanne ne?"

Tsohon ya dubi layin, ya sosa gemu. "Wallahi ni ma kar nike bi."

Wani bango ya faɗi. Nasiru ya tsaya yana kallon ƙafafunsa, sai faɗan Inna ya dawo masa a kunne: kada wanda ya shigo mata ɗaki da fitsarin kar a ƙafa. Motar ba ta taɓa kwana ba tare da ta zubar da baƙin mai ba.

Ya fizge katako daga hannun tsohon ya shiga tonon ƙofar gidajen ɗaya bayan ɗaya. Jan yashi, jan yashi. A wata ƙofa katakon ya ci karo da wani ɓawo baƙi mai tauri. Ya murza shi a hannu, ya sansana. Ya zaga bayan ɗakin, ya durƙusa jikin bango, ya cika hularsa da ƙasa.

A gida Inna ta karɓi hular da hannu biyu, ta kai hanci.

"Wanga ai warin babanka ne."

"Hannuna ne, Inna. Bari in wanke."

Ta kama hannun ta ɗora a kan ƙasar.

"Zauna tukun."