Barkono a Robar Waifa

Duk wanda ya san Malcolm Thwaite a unguwarsu, to motarsa ya fara sani. Wata tsohuwar koriyar mota ce da ya saya tun matarsa Maureen na da rai. Kowace safiyar Lahadi, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, yana nan ƙofar gareji da bokiti da tsumma yana lallaɓa ta kamar jaririya. A kan motar nan ya ɓata da 'yarsa Bridget. Jikarsa Tilly, tana 'yar mitsitsiya a lokacin, ta yi amai a kujerar baya, shi kuwa ya daka mata tsawar da sai da ta jiƙa wando. Bridget ta sa ya tsaya a gefen titi, ta saɓi 'yarta, ta ce masa ya riƙe motarsa ta haifa masa jikoki. Tun daga ranar sai dai katin Kirsimeti, shi ma ba kowace shekara ba.

Yanzu Tilly ta shekara tara. Maureen ta rasu, gida ya yi wa tsoho faɗi, ya yi ta bin Bridget da waya yana ba da haƙuri har ta gaji ta sassauta.

"Asabar ɗaya na ba ka, Baba," in ji ta. "In ta dawo da fara'arta, ka riƙa ɗaukarta duk mako. In ba haka ba, kada ka sake tambayata."

Tilly da kanta ta zaɓi inda za a je, gandun dabbobin nan da ake shiga da mota. Ta karɓi wayar ta ce, "Birai nake son gani, Kaka. Masu hawa mota."

Nan fa Malcolm ya tuna motarsa. Wa bai san biran gandun nan ba? 'Yan ta'adi ne na ƙarshe. Su ɓalle waifa mai share ruwan gilashi, su zare robar gilashin, su karya eriya, su zauna a kan bonet suna taunar abin a gabanka. Akwai hanyar da ke kewaye shingensu don masu tsoron motarsu, amma bin ta yana nufin ba birai ke nan. Akwai kuma bas ɗin gandun, sai dai shi so yake yarinyar ta zauna a motar nan da aka yi faɗa a kanta, ta fito tana dariya, uwarta ta gani.

Abokinsa Norman ne ya kawo dabara, suna zaune a mashayar unguwa. Norman yana noma wani irin barkono a ɗakin gilashinsa na bayan gida, wanda ba don miya ake shuka shi ba, don gasa da fariya ne.

"Haba Malcolm, biri ne zai hana ka barci? Ka kwaɓa barkonona da basilin ka shafe robobin. Da sun sunsuna za su kama gabansu."

"Ba zai cutar da su ba?"

"Cuta kuma? Atishawa ce za su yi. Kai dai ka tsufa da tsoro."

Malcolm bai sake tambaya ba, don amsar da yake so ke nan.

Ranar Asabar Bridget ta sauke Tilly a ƙofar gidansa ko injin ba ta kashe ba. Yarinyar ta same shi a gareji da kwalba da ɗan buroshi. Ta yi tsawo, tana kallonsa a ɗarare kamar baƙo.

"Mene ne wannan, Kaka?"

"Man roba ne. Don kada sanyi ya tsattsaga ta."

Ƙaryar ta fito masa sumul, ko tunani bai yi ba.

"In taya ka?"

Zo ka ga daɗi wurin tsoho. Yarinyar da ya taɓa firgitawa saboda motar nan, yau ita ke neman taɓa ta. Ya ɗauko mata safar roba ta wanke-wanke, ya miƙa mata buroshin. Ta shafe waifa biyu, ta bi robar gilashin gaba tun daga wannan kusurwa har waccan, harshe a tsakanin haƙora, ba ta tsallake ko ɗan yatsa ba. Ta yi atishawa sau biyu ta ce man nan yana da yaji. Ya ce ai haka mai kyan yake.

"Kin fi makanikena iya aiki," ya ce, ta yi murmushin farko.

A gandun an yi layin motoci, ana tafiya kamar ta masu kai gawa. Yayyafi ake, sama ta yi toka-toka. Karkanda biyu sun juya wa iska baya a jikin rumfarsu. Wata damisa tana bin wayar shinge, ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ƙafarta ta fitar da hanya a ciyawa. Tilly ta tambaya me take nema, Malcolm ya ce wataƙila ƙofa. Mai motar gabansu ya danna wa zakuna hon don su tashi a ɗauke su hoto, wata mata kuma ta sauke gilashi tana miƙa wa jakin dawa soyayyen dankali.

"Dubi sakarkaru," in ji Malcolm. "Ga allo nan ƙato an rubuta kada a ba su abinci. Wasu mutanen ko kare bai kamata a bar musu ba."

"Kai kana son dabbobi, ko Kaka?"

"Sosai ma."

Ta buɗe ledar biskit ta tambaye shi ko za ta iya ci a cikin mota. Ya ce ta ci, ta zubar ma in ta ga dama. Da gaske yake, kuma ya ji daɗin kansa.

Aka buɗe musu ƙofa ta farko ta shingen birai, aka rufe, aka buɗe ta biyu. Kafin su yi nisa birai sun yi wa motoci caa. Tilly ta manne da gilashi tana tsalle a kujera. Wani ƙato ya dira a rufinsu, ya sunkuyo ya sunsuni robar, ya yi atishawa ya tsallake zuwa motar baya. Malcolm ya ce a ransa Norman ya yi gaskiya.

Sai wata uwa ta hau bonet, ɗanta maƙale a cikinta. Ɗan bai fi tafin hannun Malcolm ba, kunnuwa fatau-fatau, gashin kai a tsaye.

"Wayyo, Kaka, dubi hannunsa! Kamar na mutum!"

Babban biri ya san ya sunsuna kafin ya taɓa. Jariri ina ya sani? Ya saki uwarsa, ya rarrafo, ya damƙi waifa da hannu biyu ya kai baki. Ya yi tsit. Sai ya kai hannayen nan fuska ya murza ido.

Kukan da ya fito daga ɗan abin nan, Malcolm bai taɓa jin irinsa ba. Ya ratso gilashi a rufe. Jaririn ya faɗi a kan bonet yana birgima, yana ƙara murza idon, yana ƙara tura barkonon ciki. Uwar ta fizgo shi ta juya shi ta lashi fuskarsa, ita ma ta hau tsalle tana ihu tana goga baki a ƙarfe. Duk garken ya rikice, suna zagaye motar suna yaƙe haƙora.

"Me ya same shi? Kaka, me ya same shi? Ka yi wani abu!"

Ba a buɗe ƙofa a shingen birai, ba a sauke gilashi. Malcolm ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rasa abin yi, yana kallon abin da ya aikata daga nisan taku ɗaya.

Motar masu gadi mai zanen jakin dawa ta taho a guje, ta kori biran, ta raka su waje. A bayan ƙofa ta biyu wata ma'aikaciya ta sauko, oba-oba a kafaɗa, an rubuta Rhona a ƙirjin rigarta. Ba ta gaishe su ba. Ta dangwali robar waifa da yatsa, ta kai kusa da hanci, ta kawar da kai.

"Yallaɓai, wa ya shafa wannan?"

Amsar tana bakinsa, kalma biyu ce. Amma abin kunya, zuciyarsa ta fara lalube. Ya ce makanike ne? Ya ce bai sani ba, yaran unguwa ne? Ɗan jinkirin bai fi na haɗiye yawu ba, sai dai ya isa.

"Ni ce," in ji Tilly. "Ni na shafa. Ban san zai ƙone shi ba. Na shafa ko'ina."

Rhona ta dubi yarinyar, sannan ta ɗago ta dubi tsohon. Ta tsaya tana jira.

"Ni na ba ta," ya ce. "Barkono ne. Na ce mata man roba ne."

Tilly ta juyo ta kalle shi. Da ta yi kuka ko ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ta yi, sannan ta mayar da ido kan tafin hannunta.

"Kun ga allon hanyar kewaye a baya?" in ji Rhona.

"Na gani."

"To. Yanzu sai mun harbi uwar da allurar barci kafin mu karɓi ɗan mu wanke masa ido, don ba za ta sake shi ba ko za a kashe ta. In ta farka, wata uwar takan karɓi ɗanta, wata ba ta karɓa. Waifar taka nawa take, Yallaɓai?"

Rhona ta durƙusa a bakin tagar Tilly ta ce mata ba laifinta ba ne, ta maimaita, amma yarinyar ta ƙi ɗaga kai. Aka ɗauki sunansa da lambar motarsa, aka ce kada ya sake zuwa, kuma zai ji daga hukuma. Sannan aka ba shi bokiti da sabulu aka ce motar ba za ta bar wurin a haka ba, akwai tsuntsaye. Ya wanke ta a filin ajiye motoci, iyalai suna wucewa da askirim suna nuna shi da baki. Shekara da shekaru yana wanke motar nan a gaban jama'a da alfahari, yau ji ya yi kamar tsirara yake.

A hanyar komawa Tilly ta shiga kujerar baya. Suka hau babban titi. Can ta ce, "Zai makance?"

"Ban sani ba, 'yata."

"Da na shafa kaɗan..."

"Ba ke ba ce. Ni ne."

"Amma hannuna ne."

Da suka kusa unguwar su Bridget, tsoro ya taso masa ya danne kunyar, ya ji bakinsa yana cewa, "Tilly, me za mu ce wa mamanki?"

Ta daɗe tana kallon taga.

"Kada ka damu, Kaka."

Ya ji sanyi a ransa. Allah sarki, sanyi ya ji, kuma ya san ya ji, sai ya ƙara tsanar kansa.

Bridget na tsaye a bakin ƙofar gidanta, hannu a naɗe a ƙirji.

"To, ya aka yi?"

"Mun ga zakuna suna barci," in ji Tilly. "Da karkanda. Kaka ya bar ni na ci biskit a mota."

"A mota? Wannan motar?" Bridget ta yi dariya, dariyar da rabon da ya ji ta tun Maureen na da rai. "Biran fa?"

"Suna nan. Na gaji, Mama."

Ta raɓa ta gefen uwar ta haye sama. Ko rawar murya babu, ko ƙifta ido. Da safe yarinyar nan ba ta iya wannan ba.

Bridget ta sauke hannuwanta. "To, Baba, ka ci jarrabawa. Asabar mai zuwa ka zo da wuri, tana da darasin iyo da safe. Shigo mana, in ɗora shayi."

Abin da ya yi ta roƙo ke nan, ga shi an miƙo masa har da shayi. Ya dubi matakalar da yarinyar ta hau ita kaɗai da kayan da ya ɗora mata. Ƙafarsa ta ƙi tsallake dokin ƙofa.

"Bridget, tsaya. Ba haka aka yi ba."

Ya faɗa mata a tsaye, yayyafi na sauka a kan sanƙonsa. Bai rage komai ba: kwalbar, buroshin, jaririn birin, shirun da ya yi har yarinyar ta ɗauki laifi, da tambayar da ya yi mata a hanya. Fuskar Bridget ta yi ta rufewa yana magana.

"Ka sa ta ta shafa da hannunta."

"E."

"Kuma ka bari ta yi mini ƙarya don kai."

"Shi ya sa nake faɗa miki."

"Kada ka nemi in gode maka, Baba." Ta share ido da bayan hannu. "Ba ni zan yanke ba. Ita aka yi wa."

Ta juya ta ɗaga murya zuwa sama. "Tilly! Kaka ya faɗa mini komai, ba wanda zai yi miki faɗa. Kina so ki bi shi ranar Asabar?"

Malcolm ya cire hularsa daga aljihu ya rasa me zai yi da ita. Suka jira.

"Tilly?"

Daga banɗakin sama sai ƙarar famfo a buɗe, da ƙarar buroshin farce, Tilly tana ta dirzar hannu.