Layi Ɗaya a Kan Tsinke

"Baba, duk waɗannan kai ka gwada?"

Ma'aikaciyar hukumar ruwa ce ke tambayata. Tana tsugune a zaurena, ta zazzage gwangwanin da nake tara tsinkayen gwajin ruwa a kan tabarma. Guda tara ne, kowane mako ɗaya.

"Ni na gwada. Duk layi ɗaya ne. Lafiya lau."

Ta ɗago kai a hankali. "Baba, wannan ba irin na zazzaɓi ba ne. An shafa masa sinadarin da ke kama dafin gansakuka. In ruwa na da kyau, layi biyu ke fitowa. In dafi ya yi yawa, na biyun ba ya fitowa. Ai na faɗa maka ranar da na kawo."

Ta faɗa kuwa. Lokacin da tafkin bayan unguwa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ta kawo kwalin tsinkayen, ta ce a ba wanda ake jin maganarsa. Aka ba ni. Tana cikin bayani na katse ta. Na ce an sha huda min yatsa a asibiti, na san layi ɗaya na san biyu, sa'ar jikata ba za ta koya min ƙirga ba.

Ko takalmi ban nema ba, na nufi gidan Mai Lambu, tana biye da ni.

Katanga ɗaya ta raba mu, shekara talatin da huɗu. A bakin tafkin yake wuni yana ban ruwa, can yake sha, ya kuma ɗauko jarka biyu zuwa gida. Alƙali yake ce min saboda faɗana. Duk mako sai ya leƙo ta katanga: "Alƙali, me tsinkenka ya yanke?" Ni kuwa in ce, "An wanke ruwa. Sha abinka."

Yanzu yana kwance, kwana shida da aka sallamo shi daga asibiti. Likita ya ce hanta ce, dama ta gaji. Idanunsa sun koma kamar gwaiduwar ƙwai, ciki ya kumbura, zobensa ya nutse a yatsa. Matarsa na tsaye a kansa da moɗa.

"Ajiye moɗar nan," na ce.

"Ai tafasawa nake yi."

"Tafasawa ba ta kashe shi, Inna," in ji ma'aikaciyar.

Na durƙusa gefen katifa, gwiwoyina suna ƙara. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har katse yarinyar da na yi.

"Wato Alƙali ya karanta takarda a baibai." Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi. "Shekara nawa nake jiran in ji bakin nan ya ce na yi kuskure. Sai da ka ga ina naɗe tabarma."

"Ka yafe min."

"Tsaya tukuna. Mata suna can suna ɗiba yanzu haka. Jikokina ma daga randar nan suke sha. Ka je da muryar nan da kake zagin awakina da ita, ka faɗa musu abin da ka faɗa min. In ka dawo ma yi maganar yafiya."

Na je. Na tsaya a bakin tafkin, koren kumfa yana lasar ƙafata, na ɗaga murya na ce ni ne na ɓatar da su, kowa ya zubar. Wata ta ce, "Baba, ba kai ka ce lafiya ba?" Na ce ni ne. Daga nan na bi gida gida ina maimaitawa, har rana ta karkata, har muryata ta dushe.

Da na karyo kwanar layinmu, sai na hango takalma jere a ƙofar Mai Lambu.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na tambayi matarsa ta bayan labule ko ya bar min magana.

"Ya jiyo ka tun daga tafki," ta ce. "Ya ce in buɗe masa taga. Ya ce, 'Ga Alƙali can.' Shi ke nan abin da ya ce."

Na fito tsakar gida. An kife randar a gindin katanga, ƙasar wajen ba ta gama bushewa ba. Moɗarsa tana rataye a ƙusa, ƙuda ɗaya yana zagaya bakinta.